"Na Duba Ko'ina, Babu Komai": Inda Ɗalibanmu Ke Ɓacewa a Rumbunan Bincike

Duk shekara, da zarar lokacin rubuta furojet ya kama, akwai maganar da ke yawo a bakin 'ya'yan Hausawan Legas, masu karatu a Akoka da Ojo da Yaba, da masu koyon aikin lafiya a Idi-Araba: "Wallahi na duba ko'ina, babu wanda ya yi rubutu a kan wannan." Wani da takaici yake faɗinta, wani kuwa da alfahari, yana ganin shi ne farau. Ka tambaye shi ina ya duba, ya ce Google. Ka matsa masa, ya ce har da Google Scholar. Ka ce ya nuna maka abin da ya rubuta a gurbin nema, sai ka tarar taken furojet ɗin ne ɗungurungum ya kwafa ya liƙa, kalma goma sha biyar ko ashirin, har da sunan ƙaramar hukuma da shekarun da binciken ya ƙunsa. Mafi yawan lokaci wannan "babu" ba ta ce komai a kan abin da masana suka rubuta ba, yadda aka yi tambayar kawai ta fallasa. Akwai inda babun gaskiya ce, zan zo kanta, amma ba a isa a gane ta ba sai an yi neman yadda ya kamata.

Google ne ya shagwaɓa mu. Shi kamar dillalin Mile 12 yake: ka zo kana kame-kame, ka faɗi rabin magana ya ƙarasa maka, ka kira kaya da sunan da ba nasu ba ya gane, ya kai ka rumfar. Rumbunan bayanai da laburaren jami'a ke biya wa kuɗi, irin su JSTOR da EBSCOhost da ProQuest da Scopus, su kuwa mai tsaron sito ne. Takardar da ka miƙa masa yake karantawa. In ka rubuta kalma ashirin zai nemi buhun da ke ɗauke da duka ashirin ɗin, in bai gani ba ya dawo maka da takardarka. Ba mugunta ba ce, haka aka gina su, don mai bincike ya san ainihin abin da ya nema da abin da ya samu, kuma wani ya iya maimaita neman gobe ya samu abu ɗaya.

Kafin a taɓa kwamfuta, ya kamata a san abin da ke cikin rumbun. Kowace maƙala tana da ɗan katinta: take, sunan marubuci, mujalla, shekara, tsakure, fitilun kalmomi, wani lokaci da kan maudu'in da ma'aikatan rumbun suka maƙala mata. PubMed, rumbun binciken lafiya, da Scopus wannan katin suke dubawa, ba sa shiga cikin jikin maƙalar. Saboda haka in likita ya tattara bayanansa a Agege amma a tsakure ya ce "Lagos" kawai, ko ka kwana kana rubuta Agege a PubMed ba zai fito ba. JSTOR akasin haka ne: yana laluben kowane shafi, har ƙananan bayanan ƙasan shafi, ga shi mafi yawan maƙalunsa ba su da tsakure. A can matsalar ita ce yawa, maƙalar da ta ambaci Agege sau ɗaya a shafi na talatin za ta fito tare da wadda aka rubuta kacokan a kan Agege. Kalma ɗaya, rumbu biyu, a nan fari can ambaliya, kuma ɗalibin da bai san dalili ba sai ya ɗora wa network laifi.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi. Wani ƙanena a unguwa, ɗan Zangon Agege da ke karanta tarihi, ya zaɓi ya rubuta kan cinikin goro tsakanin Hausawan Agege da Arewa. Ya same ni bayan Isha a shagon wani abokina, wayarsa a hannu, caji saura kaɗan, ya ce, "Yaya, ko dai in canza maudu'in nan? Malam ya ce in kawo aƙalla aiki ashirin na magabata, ni ko ɗaya ban samu ba." Na karɓi wayar na ga abin da ya zuba: "impact" da "role" da "assessment" da "socio-economic development" duk suna ciki. Na ce ya aje wayar, ya karɓi biro da bayan kwalin sabulu daga mai shago. Muka ja layi uku. Na farko: su wa? Na biyu: wace haja? Na uku: ina? Iyakar abin da ke cikin taken nasa ke nan. Sauran kalmomin ado ne na take, kowane furojet a Najeriya yana da su, kuma duk wadda ka ƙara a gurbin nema wani sharaɗi ne ka gindaya da zai kori maƙala mai amfani.

Aikin gaske a ƙarƙashin kowane layi yake, kuma nan ne Bahaushe ke da wahalar da ɗalibin Landan ba shi da ita. Mu da Hausa muke tunanin abin, amma wasu ne suka rubuta shi da harsunansu, a zamuna daban-daban, kowa da yadda kunnensa ya ji sunan. Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861, kuma a 1863 John Glover ya kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makamai a garin. A takardun wancan zamani sau da yawa "Houssa" ake rubutawa. Jamusawa "Haussa" suke rubutawa, Faransawa "Haoussa". Wanda ya tsaya kan "Hausa" kaɗai ya rufe wa kansa ƙofar tsofaffin rubuce-rubuce, ya kuma rufe ta binciken Faransanci kan Nijar, wanda da yawansa yana nan kyauta a rumbun Persée. Goro ma haka: "kola", "cola", "kolanut" a haɗe, "kola nut" a rabe, sunan kimiyya Cola nitida da masana noma ke amfani da shi, da "gbanja" na Yarbawa, wanda ke nuni da Gwanja inda fatakenmu suke sarowa kafin noman goron ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa. A layin wuri kuwa, bayan Agege da Lagos, muka ƙara Sagamu da tsohon rubutunsa Shagamu, da "Yorubaland", da "Western Nigeria", domin wanda ya rubuta kan yankin a 1960 ba zai ce Jihar Legas ba, tunda sai 1967 aka ƙirƙiro ta.

Mai binciken tarihin jihadi ya fi kowa sanin wannan ciwo. Shehu ɗaya ne, amma a rumbu yana nan a matsayin Usman dan Fodio, da Uthman dan Fodio, da Usuman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi, da Danfodiyo a haɗe. Baƙaƙenmu masu ƙugiya ma suna da nasu rikicin. Wani rumbun yana ɗaukar ƙ da k abu ɗaya, wani yana bambanta su, kuma tsofaffin littattafan da aka ɗauki hotonsu na'ura ta karanta, sau da yawa ta mayar da ɗ ko ɓ wani abu dabam. A gwada da ƙugiya, a gwada babu.

Da an cika layukan, sai a zo ga ɗinki. Kalmomi uku ne ke wannan aiki, AND da OR da NOT, kuma sun samo asali daga lissafin George Boole, Baturen Ingila da ya wallafa littafinsa kan dokokin tunani a 1854. Abin da ke rikita mutane shi ne suna aiki saɓanin yadda kunne ya saba. A magana, in ka ce "shinkafa da wake" ƙari ka yi. A rumbu, AND ragewa yake yi, domin cewa kake lallai kowace maƙala ta ƙunshi wannan ta kuma ƙunshi wancan. OR ne ke ƙarawa: ko wannan, ko wancan, ko duka. Don haka kalmomin layi ɗaya ana haɗa su da OR, a kulle su cikin baka biyu, sannan a ɗaure layi da layi da AND. Biyu daga layukan ƙanen nan nawa haka suka fito:

(Hausa OR Haussa OR Houssa OR Haoussa) AND (Agege OR Lagos OR Sagamu OR Shagamu)

Baka biyun nan ba kwalliya ba ce. Ka rubuta Hausa OR Fulani AND Lagos babu su. PubMed daga hagu zuwa dama yake bi, zai haɗa Hausa da Fulani tukuna sannan ya tace da Lagos, wato abin da kake nufi. Web of Science kuwa AND yake fara yi: zai ɗaure Fulani da Lagos, sannan ya jibgo maka duk abin da ya ambaci Hausa a ko'ina cikin duniya. Babu wanda zai gargaɗe ka. Za ka dai ga sakamako, ka ɗauka daidai ne. Manyan baƙaƙe ma a riƙa kiyayewa, don Google Scholar ba ya sanin OR sai an rubuta shi da manya.

NOT shi ne mai yaudara. Buƙatarsa tana tasowa ne don sunayen garuruwanmu ba namu ne mu kaɗai ba. Ɗalibin kasuwanci da ya rubuta Kano zai ci karo da tarin maƙalu kan tsarin auna gamsuwar masu saye da wani farfesan Japan, Noriaki Kano, ya fito da shi a 1984. Wanda ya rubuta Niger a PubMed yana neman ƙasar Nijar zai sha Aspergillus niger, wani nau'in funfuna da masana kimiyya suka yi dubban rubuce-rubuce a kansa, ban da Neja Delta da Jihar Neja da kogin Kwara. Lagos kanta akwai ta a Fotugal, sunan iyali ne a ƙasashen masu Sifaniyanci, har wani Ricardo Lagos ya mulki Chile daga 2000 zuwa 2006. Cire Aspergillus da NOT ba laifi, ba ruwansa da bincikenka. Amma wanda ya rubuta Niger NOT Nigeria ya jefar da duk maƙalar da ta kwatanta Maraɗi da Katsina, da duk wadda ta yi magana kan cinikin kan iyaka, alhali wataƙila su ne mafi amfani gare shi. Ni dai shawarata, kafin a kori kalma a fara gwada ƙara wata: Kano AND Nigeria ya fi Kano NOT Japan tsafta.

Akwai ƙananan alamomi biyu da ke rage wahala. Alamar zancen wani tana tilasta kalmomi su zo a jere, "kola trade" a matsayin abu guda, maimakon kola a shafi na biyu, trade a shafi na ashirin. Alamar tauraro kuma tana yanke wutsiyar kalma: almajir* za ta kwaso almajiri da almajirai da almajiranci da almajirci a bugu ɗaya. Sai dai in aka yanke da wuri a kwaso shara. Niger* za ta kawo Nigeria da Nigerien, ta haɗa da nigericin, wani sinadari na ɗakin gwaji. A PubMed ma tauraron yana kashe fassarar da rumbun ke yi wa kalmarka da kansa, Google Scholar kuwa bai san wannan yankan ba sam. A wasu rumbunan kuma akwai dabarar kusanci, a ce kalma biyu su zo tsakanin kalmomi biyar da juna: EBSCOhost N5 yake ji, ProQuest da Web of Science NEAR/5, Scopus W/5. Ba sai an haddace ba, kowane rumbu yana da shafin taimako, minti biyar ya isa.

Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfi, kuma aka fi jahilta, shi ne kan maudu'i. Ɗauki ɗalibar aikin jinya da ke rubutu kan yoyon fitsari. Wani likita zai rubuta VVF, wani "vesico-vaginal" da karan ɗori, wani a haɗe, wani ya ce "obstetric fistula". Babban Laburaren Likitanci na Amurka, mai PubMed, tun 1960 yake da ƙamus na musamman da ake kira MeSH, inda kowace cuta take da suna ɗaya tak da aka amince da shi, kuma ana liƙa wa maƙala wannan suna ko da marubucinta ya kira cutar da wani abu. Yoyon fitsari yana ƙarƙashin Vesicovaginal Fistula, sikila tana ƙarƙashin Anemia, Sickle Cell. Ƙamus ɗin kuma reshe-reshe ne: in ka zaɓi Africa, Western, PubMed zai haɗo da Najeriya da Nijar da Ghana da sauran ƙasashen yankin ba tare da ka jera su ba. Masu nazarin ilimi suna da irinsa a rumbunsu na ERIC. Kundin littattafan manyan laburare kuma yawanci yana bin kanun Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda Fulani suke ƙarƙashin Fula. Wanda bai san haka ba zai rantse laburaren ba shi da littafi kan Fulani.

Ba a dogara da kan maudu'i shi kaɗai, duk da haka. MeSH yana da Nigeria amma ba shi da Legas, balle Agege, don haka sunan gari sai a neme shi a take da tsakure. Akwai kuma maƙalu a PubMed da ba su da MeSH ko kaɗan, domin mujallunsu ba sa cikin jerin da ake yi wa wannan hidima, kuma mujallun Afirka da dama a wannan sahu suke. Mai hankali yana haɗa biyun da OR: sunan ƙamus da sunayen da mutane ke rubutawa. Hanya mafi sauƙi ta gano sunan ƙamus kuwa ita ce a samu maƙala ɗaya da ta dace sosai, a buɗe katinta, a ga kanun da aka liƙa mata, a kwashe su a koma nema da su.

Maƙala ɗaya mai kyau ma tana da wani amfanin da ya wuce wannan. Manazartarta tana kai ka baya, ga waɗanda marubucin ya karanta. Maɓallin "Cited by" na Google Scholar, ko makamancinsa a Scopus, yana kai ka gaba, ga waɗanda suka karanta shi. Wannan tunani na Eugene Garfield ne, wanda ya fito da kundin bin diddigin ambato na kimiyya a 1964, tun ana bugawa a takarda. Ga ɗan Agegen nan, ƙofar ita ce littafin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan da cinikinsu na goro da shanu, da na Paul Lovejoy na 1980 kan fataucin goro na Hausawa daga 1700 zuwa 1900. Babu ɗayansu da aka rubuta a kan Agege. Amma da wuya wani ya yi rubutun kirki kan zangon Hausawa a ƙasar Yarbawa bayan 1969 bai ambaci Cohen ba. Sai ya buɗe jerin waɗanda suka ambace shi, ya latsa ɗan akwatin da ke ba da damar nema a cikin wannan jeri kaɗai, ya rubuta Lagos. Wannan hanya ba ruwanta da yadda aka rubuta suna, shi ya sa take kamo abin da kalmomi suka kuskure. A nan ne kuma ɗalibi yake fara gane cewa bitar ayyukan da suka gabata ba tana nufin nemo mai take irin nasa sak ba.

Kada a ɗauka ina kushe Google Scholar. Tun fitowarsa a 2004 ya yi wa ɗaliban ƙasashe irin namu gatan da babu wanda ya yi musu, kuma maɓallinsa na "All versions" sau da yawa yana nuna kwafin kyauta na maƙalar da mawallafi ke neman dala talatin ko arba'in a kanta. Amma yana da iyaka. Tambaya ba ta wuce baƙaƙe 256, in ta wuce sai ya datse wutsiyar shiru. Ko ya ce ya samu sakamako dubu tamanin, dubu ɗaya na farko kaɗai zai nuna. Yana kuma fifita abin da aka fi ambato, wanda ke nufin binciken malamin Najeriya da ya fito bara yana can ƙasa, an danne shi.

Zaɓen rumbu shi ma rabin aiki ne. Lafiya PubMed, kyauta ne ga kowa. Tarihi da harshe da zamantakewa JSTOR, wanda ke barin mai rajistar kansa ya karanta maƙala ɗari a wata ba tare da biya ba, sai dai a san cewa mujallu da yawa a cikinsa ba sa sakin fitowar shekaru uku zuwa biyar na baya-bayan nan. Ga abin da 'yan Afirka suka rubuta a mujallun Afirka, AJOL, wanda ya fara a 1998, kuma mujallun Najeriya suna da yawa ƙwarai a cikinsa. Sannan akwai shirin Research4Life, mai buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun biya kyauta ko da rangwame, da ya haɗa Hinari na lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma, da OARE na muhalli, da ARDI na ƙirƙire-ƙirƙire, da GOALI na shari'a. Makaranta ce ke rajista, kuma ma'aikacin laburare ne ke riƙe da hanyar shiga. Ɗalibai nawa ne suka gama shekara huɗu ba su taɓa tambayarsa ba? Wani abin kuma: rumbunan biya sukan gane mutum ne ta intanet ɗin makaranta. Maƙalar da ta ƙi buɗewa a wayarka a Agege ko Alaba Rago tana iya buɗewa salin-alin a ɗakin kwamfutocin laburare. Da yake zuwa Akoka ko Ojo a cunkoson Legas yini guda ne, dabara ita ce a yi neman a gida, a tara jerin abin da ake so, ranar zuwa makaranta a zauna a sauke su gaba ɗaya.

Matatun da ke gefen shafi ina da ƙorafi a kan biyu daga cikinsu. Na farko, "Full text only". Yana da daɗin latsawa, amma yana ɓoye maka duk abin da rumbun ba shi da cikakkensa, alhali sanin cewa maƙala tana nan shi ne mataki na farko. Samunta wani aiki ne dabam, kuma marubuta da yawa in ka aika musu saƙo cikin ladabi za su turo maka. Na biyu, dokar nan ta "shekara biyar na ƙarshe" da wasu malamai ke kafawa kowa da kowa. Ga mai binciken maganin hawan jini tana da ma'ana. Ga mai tarihin goro, da ita an kori Cohen da Lovejoy tun kafin a fara.

Ba duk abin da ya fito ne abin ɗauka ba. Akwai mujallun ci-da-ceto da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba, kuma Google Scholar ba ya tace su yadda Scopus ko DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, ke ƙoƙarin yi. Sabuwar fitina kuma ita ce manhajojin hira irin su ChatGPT. Suna da amfani wajen cika layukan nan na bayan kwali, ka ce su kawo maka wasu sunayen da ake kiran abu da su. Amma in ka ce su ba ka manazarta, suna iya ƙera maka take da marubuci da shekara da lambar shafi, komai tsaf, maƙalar kuwa ba a taɓa rubuta ta ba. Duk abin da suka bayar, a nemi takensa cikin alamar zancen wani a rumbu na gaske. In bai fito ba, a watsar.

A kuma riƙa rubuta abin da aka yi: rana, rumbu, ainihin kalmomin, yawan sakamako. Littafin aji ma ya isa. Zotero kyauta ne, yana adana maƙalu ya tsara manazarta. Ranar da malamin da ke duba aiki ya ce "ina ka duba?", wannan rajistar ce amsa. Ita ce kuma ke nuna lokacin tsayawa: in ka canza kalmomi, ka canza rumbu, ka bi ambato gaba da baya, sunayen nan guda dai suke ta dawowa, to ka kusa ƙure abin da ke kan intanet.

Abin da ke kan intanet, na ce, don nan ne babun gaskiya take. Ilimi mai yawa kan Hausawa ba ya cikin ko ɗaya daga rumbunan nan. Yana cikin kundayen digiri da ke jere a Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, da na Bayero a Kano, da na Danfodiyo a Sakkwato, da na Ibadan da Akoka. Wasu an ɗora su a rumbunan jami'o'in, kamar Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma gara a shiga can kai tsaye a nema da a jira Google ya kawo. Wasu suna nan a takarda kawai. Mujallun da ake bugawa da Hausa, irin su Harsunan Nijeriya ta Kano da Ɗunɗaye ta Sakkwato, tsofaffin fitowarsu sai an je an taɓa da hannu, ko a roƙi wani ɗan'uwa da ke can ya ɗauko hoton shafukan ya turo ta WhatsApp. Rashinsu a Scopus ba ya nuna rashin inganci, ya fi nuna wanda ya gina rumbun da harsunan da ya sa a gaba.

Ga mai tarihin Hausawan Legas, akwai matakin da ya wuce mujalla ma. Takardun mulkin mallaka na Legas da yankin Yamma suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, wanda Kenneth Dike ya assasa a 1954, na Arewa kuma suna reshen Kaduna. Goron Agege ya ratsa duka biyun, tunda a Kudu ake loda shi, a Arewa ake sauke shi, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Jerin fayilolin can a takarda ake bin su, shafi bayan shafi, kuma sunayen da magatakardan Turawa suka ba su ne a jiki, don haka kwalin nan mai Houssa da Shagamu zai sake amfani. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan yana tsayawa a tashar Agege. Sauran kuma yana bakin dattawan 'yan goro da ke zaune a Zango, waɗanda iyayensu suka ɗaure huhun da ake magana a kai, kuma su sai an je da sallama an zauna, an nemi izini kafin a kunna rikoda.